In dai Allah yana gafartawa tun kafin gicciye, me ya sa sai da Yesu ya mutu?

'Yar Kagoro:

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Dan Allah kada wani ya ɗauka na bar bangaskiya ko kuwa wani ne ya hure min kunne, ni haihuwar ikkilisiya ce kuma ina koyar da 'yan mata a makarantar Lahadi, amma akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk wanda na tambaya sai ya ce min asirin Allah ne in je in yi addu'a. Addu'a kam ina yi amma tambayar tana nan inda take.

Abin da aka koya mana shine hakkin zunubi mutuwa ne, Allah kuma mai adalci ne ba zai kau da kai haka kawai ba, dole a biya, sai Yesu ya zo ya biya a madadinmu, kuma in ba a zub da jini ba babu gafara, Ibraniyawa 9:22. Toh na yarda. Amma ina buɗe Ezekiyel 18:20 sai na ga an ce wanda ya yi zunubi shi zai mutu, ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba uba ma ba zai ɗauki na ɗansa ba. A Fitowa 32 bayan maganar ɗan maraƙin zinariya Musa da bakinsa ya roƙi Allah ya gafarta wa mutanen, in ba haka ba a shafe sunansa daga littafin, Allah ya ce a'a wanda ya yi min zunubi shi zan shafe. Yaya aka ƙi na Musa aka karɓi na Yesu?

Na biyu, Irmiya 7:31 Allah ya ce ƙona 'ya'ya da suke yi a kwarin Hinnom shi bai umarta ba, ko a ransa ma bai taɓa kawowa ba. Amma mu kullum muna waƙa cewa Uba ya ba da Ɗansa hadaya.

Na uku shi ya fi damuna. Mutanen Nineba sun tuba an yafe musu ba a yanka ko kaza ba. Yesu da kansa ya ce wa shanyayyen nan an gafarta maka zunubanka tun bai je gicciye ba. Uban ɓataccen ɗa bai ce sai an hukunta wan kafin ya rungumi ƙanen ba, saniyar da aka yanka ma ta walima ce. In an biya bashi cif ai ba a ce an yafe ba, in kuma an yafe toh mene ne na biya? Abin da nake so a warware min kenan, kuma dan Allah da ayoyi ba da faɗa ba.

Dattijon Ikkilisiya:

'Yata sannu, Allah ya yi miki albarka da kika fito kika tambaya ba ki bar abin yana ruɓewa a ciki ba. Ba ke kika fara ba kuma ba za a ƙare a kanki ba.

Ki fara da Ezekiyel ɗin, ki koma aya ta 2 ta wannan sura ki ga me ya jawo maganar. Mutanen suna zaman bauta a Babila suna ta maimaita wani karin magana wai iyaye suka ci 'ya'yan inabi masu tsami haƙoran 'ya'ya suka mutu, ma'ana mu ba mu da laifi kakanninmu ne suka ja mana. Allah ya ce su daina, kowa ya dubi nasa ya tuba ya rayu. Maganar ɗora wa mutum laifin wani ne dole ba da sonsa ba, da kuma fakewa da laifin wani. Ba ta taɓa zancen wanda ya miƙa kansa da kansa ba, in ba haka ba ina za ki kai Ishaya 53 inda aka ce an soke shi saboda laifofinmu, Ubangiji ya ɗora masa muguntarmu duka? Annabawa ne su biyun, littafi ɗaya.

Musa kuwa an ƙi nasa domin shi ma mai zunubi ne, yana da nasa a wuyansa, ba shi da rarar da zai ba wani.

Inda nake ganin ƙafarki ta zame shine kina ganin mutum uku a wajen, Allah mai fushi can, mu masu laifi nan, sai aka jawo wani bawan Allah na uku da bai ji ba bai gani ba aka kashe. In da haka ne ai zalunci ne kuma ni ma da ban yi wa'azinsa ba. Amma 2 Korantiyawa 5:19 ta ce Allah ne cikin Almasihu yake sulhunta duniya da kansa. Yahaya 10:18 Yesu ya ce ba mai ƙwace raina, ni nake ba da shi don kaina. Yaran da aka ƙona a Hinnom ba wanda ya tambaye su, kuma mutane ne suke ƙoƙarin sayen gunki da jinin wani, a nan kuwa wanda aka yi wa laifin shi ya ɗauki asarar. Kamar alƙali ne da ya yanke tara bisa doka bai rage ko kwabo ba sannan ya sauko ya sa hannu a aljihunsa ya biya, kinga an biya kuma an yafe, wajen mai laifin kyauta ce wajen alƙalin tsada ce.

Nineba da shanyayye duk Romawa 3:25-26 ta amsa, Allah cikin haƙurinsa ya jingine zunuban da aka yi a da har lokacin ya yi. Jinin bijimai da na awaki bai taɓa kawar da zunubi ba, Ibraniyawa 10:4 ta faɗa ƙarara. Duk gafarar da aka taɓa yi a kan gicciyen nan ta dogara, ko kafinsa ko bayansa.

Soja_Na_Yesu:

Ni dai ban ga amfanin irin waɗannan tambayoyin ba gaskiya, ana kashe mutane a ƙauyukanmu ku kuna nan kuna tone-tone. Bulus ya riga ya ce maganar gicciye wauta ce ga masu hallaka. Anti ki rage sauraron masu muhawarar nan na Facebook da TikTok, shine shawarata.

Ɗalibin Tauhidi:

Haba ɗan'uwa, mutanen Biriya ma da suka riƙa bin Nassi kullum suna duba ko abin da Bulus ya faɗa haka yake ai yaba musu aka yi. Kuma wannan tsawatarwar ita ke sa yaranmu su je jami'a a yi musu tambaya ɗaya su rasa ta cewa.

Baba ku yi haƙuri, na yarda da kusan duk abin da kuka faɗa amma misalin alƙalin nan yana da rami kuma duk mai wayo zai gano shi. Tara kuɗi ce, kuɗi kuwa ba ruwansa da aljihun da ya fito. Amma in hukuncin rataya ne fa? Ba kotun da za ta yarda a rataye alƙali a saki mai kisan kai ta kira wannan adalci. Wani Ba'italiye Faustus Socinus da ya ƙare rayuwarsa a Poland, ya rasu 1604, da wannan hujjar ya addabi 'yan Furotesta, da ita da ainihin tambayar 'yar'uwarmu ta cewa biya da yafewa ba sa zama wuri ɗaya. Amsar da aka fi ba shi ita ce haɗuwarmu da Almasihu, wato shi ba bare ba ne, shi kai ne mu jiki, abin da yake namu ya zama nasa nasa kuma ya zama namu, Romawa 5 da 6. Amsa ce mai nauyi, amma ku lura da zarar an kawo ta an bar kotu kenan an shiga wani abu da kotu ba ta sani ba.

'Yar'uwa abin da ba a cika faɗa mana a coci ba shine bayanin da kika taso da shi ɗaya ne cikin da yawa. Ƙa'idar bangaskiya ta Nikiya, wadda aka fara a 325 aka ƙarasa a 381, cewa kawai ta yi dominmu da kuma domin cetonmu ya sauko, aka gicciye shi dominmu. Ba ta ce ga yadda abin yake aiki ba, kuma manyan taron ikkilisiya na farkon nan da suka yi ta kai ruwa rana kan ko shi wane ne ba su yanke wannan ba.

Malaman ikkilisiya na farko-farkon sun fi riƙe Markus 10:45, ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Sai aka ce toh fansar wa aka ba? Origen da Gregory na Nyssa suka ce Shaiɗan ne tunda shi yake riƙe da mu, Gregory ma har ya ce jikin Yesu kamar abincin da ake maƙalawa a ƙugiya ne, Iblis ya haɗiya bai san allahntaka na ciki ba. Abokin Gregory ɗin, wato Gregory na Nazianzus, ya ce atafau, ta yaya ɗan fashi zai karɓi Allah kansa a matsayin lada, kuma ya ce ba Uba ne ya buƙaci jinin ba tunda ko Ishaku bai karɓa ba. Tun ƙarni na 4 fa kenan. Atanasiyus na Iskandariya shi kuma a wajensa babbar matsalar ita ce mutuwa da ruɓa da suka shiga jikin ɗan adam, tuba tana tsayar da zunubi amma ba ta warkar da wannan, sai mai rai ya shiga cikin mutuwar ya karya ta daga ciki. In kika bi wannan layin tambayarki ta Nineba ta yi sauƙi sosai, an yafe musu da gaske amma ai duk sun mutu daga baya, gicciye da tashin matattu wannan suka zo magancewa.

Sai wajen 1098 Anselm babban bishop na Canterbury ya ce ba Shaiɗan ake bi ba, girman Allah aka taɓa, mutum ne ya kamata ya mayar amma Allah kaɗai ke iyawa, shi ya sa sai wanda yake Allah kuma mutum. Abelard na Faransa ya taso ya ce in cin 'ya'yan itace ya jawo wannan duka toh kashe Ɗan Allah da ya fi shi muni me zai biya shi, a ganinsa gicciye ƙauna ce da aka nuna don ta narkar da zuciyarmu. Calvin a ƙarni na 16, wanda dama lauya ya karanta, shi da sauran 'yan gyara, wato shugabannin Furotesta na farko, suka ƙarfafa cewa hukuncin da ya cancance mu ne ya sauka a kansa. Wannan na ƙarshen shi mishan irin su SIM da SUM suka fi zuwa mana da shi, shi ya sa ɗan ECWA ko COCIN yake ji kamar shi kaɗai ne akwai. Ni ban ce ƙarya ne ba fa, Ishaya 53 da Galatiyawa 3:13 suna nan ba mai goge su, amma in aka sa shi ya ɗauki kayan duka shi kaɗai nan ne yake fara tangaɗi.

Ibraniyawa 9:22 ma ki karanta ta daga farkonta, maganar yadda abin yake bisa ga Shari'ar Musa ake yi, kuma cewa aka yi kusan kome da jini ake tsarkakewa. Littafin Firistoci 5:11-13 talakan da bai da halin kurciya biyu gari yake kawowa a yi masa kafara a gafarta masa, ba ɗigon jini.

Maƙwabcinku:

Assalamu alaikum, ni Musulmi ne ina fata ba laifi in sa baki, na taso ne unguwa ɗaya da Kirista kuma ba gardama ta kawo ni ba. Kun san matsayinmu, Alƙur'ani a Nisa'i aya ta 157 ya ce ba su kashe Annabi Isa ba kuma ba su gicciye shi ba, kuma ya maimaita a wurare da yawa, cikinsu har da An'am 164, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Shi ya sa da Malama ta kawo Ezekiyel sai na ji kamar a islamiyya nake. Ko layya da muke yi Suratul Hajji aya ta 37 ta ce namanta da jininta ba sa isa ga Allah, taƙawa ce ke isa.

Amma don adalci bari in faɗi wani abu da yake taimakon Baba kaɗan, sannan in ƙwace. A fiƙihu in mutum ya yi kisan kuskure diyya ba a kansa shi kaɗai take ba, danginsa na wajen uba ne suke haɗuwa su biya, raƙuma 100 a asali, alhali ba su suka yi kisan ba. Kenan mu ma mun san wani yana ɗaukar wa wani nauyi. Sai dai kaffarar, 'yanta bawa ko azumin wata biyu a jere, wannan tana kan wanda ya yi, kuma in ƙisasi ne ba a kashe ƙanensa a madadinsa ko da ƙanen ya kawo kansa yana kuka. Daidai inda Ɗalibi ya tsaya kenan.

Tambayata ga Baba, kun ce da sonsa ya ba da ransa, toh addu'ar da ya yi a lambu yana roƙon a ɗauke masa ƙoƙon fa? Da kuma kiran da ya yi cewa Allahna don me ka yashe ni? In shi da wanda ya aiko shi nufinsu ɗaya ne wa yake roƙo, wa kuma ya yashe wa? Ba don tsokana na tambaya ba wallahi.

Dattijon Ikkilisiya:

Wa alaikumus salam Malam, ba laifi ko kaɗan, ka yi magana da ladabi. Ka ƙarasa addu'ar, Markus 14:36, ya rufe da cewa ba nufina ba sai naka. Mun gaskata shi cikakken mutum ne, jikin da ke jin tsoron ƙusa ba na aro ba ne, in da ya tafi yana murmushi da sai mu ce wasan kwaikwayo ne. Mutum yana iya jin tsoron abu har gumi ya karyo masa kuma ya zaɓe shi da kansa. Kiran nan kuwa layin farko ne na Zabura 22, wadda ta fara da kuka ta ƙare da cewa Allah bai ɓoye masa fuskarsa ba ya ji kukansa. Na san wannan ba zai gamsar da kai ba domin asalin rabuwarmu ba a kan hadaya take ba, a kan ko shi wane ne take.

Ɗalibi kuma na ji ka, misalin alƙali gurgu ne na yarda, amma kada karatu ya sa ka mai da fushin Allah a kan zunubi kamar ra'ayin Calvin ne, Romawa 5:9 ba Calvin ya rubuta ba.

Maman Biyu:

Ni 'yar Katolika ce, bari in ƙara abu ɗaya da na ga duk kun tsallake. Kuna ta magana kamar hadaya da hukunci abu ɗaya ne. Ku duba Littafin Firistoci 16 Ranar Kafara, bunsuru biyu ne, wanda babban firist ya ɗora wa hannu ya furta zunuban jama'a a kansa ba shi ake yankawa ba, jeji ake kora shi da ransa, wanda aka yanka kuwa jininsa tsarkake wuri mafi tsarki ake yi da shi. Ragon Idin Ƙetarewa ma ba wanda ya ce hukunta shi ake yi, jininsa alama ce a ƙofa namansa kuma a ci a kama hanya. Firistoci 17:11 cewa ta yi rai yana cikin jini kuma ni na ba ku shi, Allah ne ma mai bayarwa.

Kuma zunubin ganganci irin na Dawuda, zina da kisa, ba hadayar da aka tanada masa a Shari'a sam, shi ya sa a Zabura 51 ya ce ba ka son hadaya da na ba ka, karyayyar zuciya ita ce hadayar. Yusha'u 6:6 ma da Yesu ya ɗauko har sau biyu a Matiyu, jinƙai nake so ba hadaya ba. Ibraniyawa 10 ta ɗauki irin wannan maganar ta sa a bakin Almasihu, ba ka so hadayu ba amma ka shirya min jiki, ga ni na zo in yi nufinka. Yadda aka koya mana abin da ya faranta wa Uba rai ba azabar ba ce, biyayyar ce da ƙaunar da ta ƙi ja da baya har aka kai ga kisa, masu kisan kuwa zunubi suka yi ba aikin firist ba. Toma Akwinas, babban malamin tauhidi na Katolika, ma ya ce Allah yana da ikon ya 'yantar da mutum ta wata hanyar in ya so kuma ba za a ce ya yi rashin adalci ba tunda ba wani a samansa, wannan ce dai ta fi dacewa. Na san Baba ba zai yarda da wannan ba.

'Yar Kagoro:

Na gode muku duka, Baba Allah ya ƙara girma, Malam kai ma na gode. Ezekiyel da Hinnom kam sun sauka min, musamman da aka ce ba mutum uku ba ne. Amma yanzu kun bar ni da wata, Baba ya ce dole ne ba makawa in ba haka ba adalcin Allah ya faɗi, Mama ta ce ba dole ba ne zaɓi ne, kuma ku duka Ibraniyawa kuke buɗewa. Ɗalibi kai da ka kawo sunaye rututu ba ka faɗi naka ba, wanne ka riƙe? Kuma in yarinya 'yar shekara 12 ta tambaye ni ranar Lahadi ko Allah zai iya yafe mata ba tare da Yesu ya mutu ba, e zan ce mata ko a'a?